ƘWALLON AMURKA: INA ƘARFIN ƘANANAN JAMI'O'I YA TAFI?

Yau za mu kai ku ƙasar Amurka, mu leƙa wata gardama da ta daɗe tsakanin masu sha'awar wasanni na can. Dattawansu suna cewa a zamaninsu ƙananan jami'o'i na da maza a fagen ƙwallo, har ƙaramar makaranta ta ƙauye tana iya fitar da gwanin da duk ƙasa za ta san sunansa. Yanzu kuwa, in ji su, sai suna ya rage. Samari su kuma suna maida musu da cewa kowa ya tuna bara bai ji daɗin bana ba. Gardamar ta cancanci a saurare ta, don a bayanta akwai zancen ilimi, da kuɗi, da launin fata, da makomar dubban samari ƴaƴan talakawa waɗanda wasa ne kaɗai hanyarsu ta zuwa jami'a.

WANE IRIN WASA NE?

Da fari dai, kada a rikita shi da tamaula irin tamu. Abin da Amurkawa ke kira ƙwallon ƙafa, yawancinsa da hannu ake yin sa. Ƙwallon nasu dogo ne mai tsini biyu, kamar gwanda. Kowace ƙungiya na da mutum 11 a fili, sanye da hular kwano da kayan kare kafaɗa, don wasa ne na karo da kokawa. Tsawon fili kamar mita 91 ne, ban da gida biyu da ke ƙarshensa. Ƙungiyar da ke riƙe da ƙwallo ana ba ta dama 4 ta ci gaba da kamar mita 9. In ta kasa, ƙwallo ya koma hannun abokan karawa. Wanda ya kai ƙwallo gidan abokan karawa ya ci maki 6. Mai jefa ƙwallo shi ne madugun ƙungiya.

A Amurka jami'o'i ne ke renon ƴan wasa. Yaro in ya gama lise, jami'a ta ɗauke shi, ta biya masa kuɗin karatu da ci da kwana, wato abin da muke kira bursu, shi kuma ya yi mata wasa. In ya ƙware, ƙungiyoyin ƙwararru na NFL su ɗauke shi a wani zaɓe da suke yi kowace shekara, inda kowace ƙungiya ke ɗaukar wanda take so bi da bi. Wanda aka fara kiran sunansa shi ne ake gani ya fi kowa a wannan shekara.

Hukumar da ke kula da wasannin jami'o'i, NCAA, ta kasa makarantu rukuni 3 cikin shekara ta 1973. Cikin 1978 aka sake raba rukuni na farko gida biyu: na manya, wanda tun 2006 ake kira FBS, da na masu bi musu, wanda ake kira FCS. Bambancinsu na ga yawan bursu. Shekara da shekaru manya na ba da 85, FCS na ba da 63, rukuni na biyu 36, rukuni na uku kuwa ba ya ba da bursun wasa ko ɗaya. Waɗannan na ƙasa su ne ƙananan da ake gardama a kansu.

ZAMANIN DA ƘANANA KE DA MAZA

Hujjar dattawa mafi ƙarfi tana ga jami'o'in baƙar fata na kudancin Amurka, waɗanda aka kafa yawancinsu bayan an hana bauta cikin 1865. Dukansu a fagen ƙwallo ƙanana ake lissafa su.

Mu ɗauki Grambling, wani ɗan gari a arewacin jahar Luwiziyana. Cikin 1941 makarantar garin ta ɗauki wani saurayi mai shekara 22, Eddie Robinson, ya zama mai horar da ƴan wasa. A farkon aikinsa shi ke shata layin fili da hannunsa, shi ke ɗaure wa yara rauni, shi ke rubuta labarin wasa ya aika wa jaridu. Ya riƙe aikin har 1997, ya ci wasa 408, kuma fiye da yaransa 200 sun shiga ƙungiyoyin ƙwararru. Ɗalibinsa Paul Younger shi ne ɗan jami'ar baƙar fata na farko da ya yi wasa a NFL, cikin 1949. Wani ɗalibin nasa, Buck Buchanan, shi aka fara ɗauka a zaɓen 1963 na AFL, wata hukumar ƙwararru da daga baya ta haɗe da NFL. Doug Williams kuma, wanda ya bar Grambling cikin 1978, shi ne madugu baƙar fata na farko da ya ci babban wasan ƙarshe, Super Bowl, a watan Janairu na 1988.

Ba Grambling kaɗai ba ce. Cikin 1974 wanda aka fara ɗauka a duk Amurka shi ne Ed Jones na Tennessee State, ƙato mai tsawon mita 2 da santimita 6. Cikin 1975 Jackson State, ta jahar Misisipi, ta fitar da mutum biyu cikin 6 na farko: Walter Payton na 4, Robert Brazile na 6. Payton ya yi shekara 13 yana wa ƙungiyar birnin Shikago wasa, kuma sai cikin 2002 aka samu wanda ya wuce shi wajen gudu da ƙwallo. Cikin 1985 aka ɗauki Jerry Rice daga Mississippi Valley State, makarantar da ke wani ƙauye tsakiyar gonakin auduga. Har yau ba a samu mai cafe ƙwallo da ya kamo ƙafarsa ba.

Ƙungiyar ƙwararru ta birnin Pittsburgh, wadda ta ci Super Bowl sau 4 tsakanin 1975 da 1980, ta gina ƙarfinta da irin waɗannan yara: Mel Blount daga Southern, John Stallworth daga Alabama A&M, Donnie Shell daga South Carolina State. Wanda ya nemo mata su shi ne Bill Nunn, tsohon ɗan jarida, wanda ya yi shekaru yana bin filayen wasan baƙar fata lokacin da masu neman gwanaye farar fata ba su ko leƙa su.

A fili ma ƙananan sun nuna kansu. Cikin 1968 Grambling da Morgan State sun kara a babban filin Yankee na birnin Niyok gaban mutum fiye da dubu 60. Florida A&M ta doke jami'ar Tampa ta farar fata 34 da 28 cikin 1969, ta ci kofin farko na sabon rukunin da yanzu ake kira FCS cikin 1978, sannan cikin 1979 ta kada babbar jami'ar Miami 16 da 13. Wanda ya ga wannan zamani da idonsa, in ya ce a da akwai maza, bai yi ƙarya ba.

DAGA INA ƘARFIN YA FITO?

To, amma ruwa ba ya tsami banza. Me ya tara irin waɗannan gwanaye a makarantun da ba su da kuɗi, ba su da kayan aiki?

Wariyar launin fata ce. A jahohin kudu, inda yawancin baƙar fata ke zaune, manyan jami'o'i ba su karɓar su. Kotun ƙoli ta haramta wariya a makarantun gwamnati tun 1954, amma jahohin suka yi ta jan ƙafa. Cikin 1963 gwamnan Alabama, George Wallace, ya tsaya da kansa a ƙofar jami'ar jahar don ya hana ɗalibai baƙar fata biyu shiga. A fagen ƙwallo abin ya fi haka daɗewa. Babbar gasar jami'o'in kudu maso gabas ba ta ga ɗan wasa baƙar fata ba sai 1967, lokacin da Nate Northington ya yi wa Kentucky wasa. Jami'ar Teksas ta zama zakaran ƙasa cikin 1969 ba tare da baƙar fata ko ɗaya cikin ƙungiyarta ba.

Saboda haka yaron da aka haifa a Misisipi ko Luwiziyana, kome gwanintarsa, hanya biyu ke gabansa: ko ya samu wata jami'a ta arewa mai nisa ta ɗauke shi, ko ya tafi Grambling, ko Jackson State, ko Southern. Mafi yawa nan suka tafi. Masu horarwa irin su Robinson da Jake Gaither na Florida A&M gwanaye ne na gaske, amma su ma ƙofar manyan makarantu a rufe take gare su.

A watan Satumba na 1970 jami'ar Kudancin Kaliforniya ta zo birnin Birmingham da ƴan wasanta baƙar fata, ta lallasa Alabama 42 da 21 gaban jama'arta. Shekara ta gaba, 1971, Alabama ta sa baƙar fata cikin fili karo na farko. Kafin a kai ƙarshen shekarun 1970 duk manyan jami'o'in kudu sun buɗe ƙofa, kuma da filayensu masu ɗaukar mutum dubu 60 ko 70, da likitocinsu, da ɗakunan motsa jiki, suka fara kwashe yaran da a da ba su ko duba. Ba a ga illar nan da nan ba, don iyaye da malamai da yawa sun ci gaba da aika yara inda suka saba. Amma sannu a hankali rijiya ta ja baya. Prairie View ta jahar Teksas, wadda ta yi zarra a shekarun 1950 da 1960, ta sha kashi sau 80 a jere tsakanin 1989 da 1998. Bishop College, wadda ta fitar da Emmitt Thomas, an rufe ta ɗungum cikin 1988 saboda bashi.

KUƊIN TALABIJIN

Dalili na biyu ya shafi duk ƙananan jami'o'i, na baƙar fata da na farar fata. A da hukumar NCAA ce ke sayar da wasanni ga gidajen talabijin, tana taƙaita sau nawa za a nuna babbar makaranta, tana kuma ɗan gutsura wa ƙanana. Jami'o'in Oklahoma da Jojiya suka kai ƙara, kuma cikin 1984 kotun ƙoli ta ba su gaskiya. Tun daga nan manya ke cinikinsu da kansu. Cikin 2022 gasa ɗaya ta manya, Big Ten, ta sayar da wasanninta na shekara 7 a kan kimanin miliyar 7 na dalar Amurka. Ƙanana ba su ganin ko ƙurar irin wannan kuɗi.

Abu biyu suka biyo baya. Na farko, duk ƙaramar makarantar da ta ji ƙarfi sai ta haye rukunin manya. Boise State ta haye cikin 1996, Marshall cikin 1997. Georgia Southern mai kofi 6 da Appalachian State mai kofi 3 sun haye cikin 2014, James Madison cikin 2022, Delaware cikin 2025. Gasar da zakarunta ke fita ɗaya bayan ɗaya, dole ta rage armashi.

Na biyu, waɗanda suka rage suka koma sayar da kansu. Babbar jami'a ta biya ƙarama ta zo gidanta a doke ta gaban ƴan kallo. Cikin 2012 Savannah State ta karɓi dalar Amurka dubu 385 ta je Oklahoma State, aka ci ta 84 ba ko ɗaya. Da irin wannan kuɗi ake biyan albashi da kuɗin tafiye-tafiye na sauran shekara, amma jikin yara ne ke biyan sa. Cikin 2019 makarantar ta haƙura ta koma rukuni na biyu.

ƘOFAR ƘAURA

Dalili na uku shi ne sabo, kuma shi ya fi cizo yanzu. A da ɗan wasan da ya haura zuwa babbar makaranta sai ya zauna shekara guda bai yi wasa ba, kuma an hana shi karɓar kuɗi. Wannan ya sa wanda ƙaramar makaranta ta gano yakan zauna har ya gama. Cikin 2018 aka buɗe wani kundi na intanet inda mai son sauya makaranta ke sa sunansa kowa ya gani. Cikin 2021 aka soke zaman shekara guda, aka kuma yarda ɗalibi ya karɓi kuɗi a kan sunansa da hotonsa. A watan Yuni na 2025 wata kotu ta amince jami'o'i su riƙa biyan ƴan wasansu kai tsaye, har kimanin dalar Amurka miliyan 20 da rabi a shekarar farko ga kowace makaranta, kuma manya suna iya ba da bursu har ga mutum 105. A da, rage yawan bursun manya daga 105 zuwa 95, sannan zuwa 85, shi ke tura rarar gwanaye wajen ƙanana. Yanzu an juya akalar.

Zaɓen NFL na 2025 ya nuna abin a fili. Wanda aka fara ɗauka, Cam Ward, manyan jami'o'i ba su kula shi ba lokacin da ya gama lise. Wata ƙaramar makaranta ta birnin San Antoniyo, Incarnate Word, ita ta ɗauke shi ta gyara shi. Daga nan ya koma Washington State, ya ƙare a Miami, kuma sunan Miami aka kira ranar zaɓe. Na biyu, Travis Hunter, a Jackson State ya fara, makarantar Walter Payton. Ya zaɓe ta a watan Disamba na 2021 alhali ana ganin ya fi duk yaran lise na ƙasar, saboda tsohon gwani Deion Sanders ke horarwa a can. Mutane suka ce zamanin da ya dawo. Bayan shekara guda Sanders ya koma babbar jami'ar Kolorado, Hunter ya bi shi, kuma a can ya ci lambar Heisman ta 2024, wadda ake ba gwanin gwanayen jami'o'i. Da a ce dokokin 1975 ke aiki, da na ɗaya da na biyu duka ƴan ƙananan makarantu ne. Har rukuni na biyu abin ya kai: Trinidad Chambliss ya ci wa Ferris State kofi cikin 2024, cikin 2025 sai ga shi madugun babbar jami'ar Misisipi.

A zaɓen 2021, cikin mutum 259 da aka ɗauka babu ɗan jami'ar baƙar fata ko ɗaya, ko da yake annobar korona ta hana yawancinsu wasa a kakar da ta gabata. Cikin 2022 an ɗauki 4, cikin 2023 mutum ɗaya tak.

ABIN DA SAMARI KE CEWA

Samari su ma ba su rasa hujja ba. Suna cewa a yi lissafi da kyau: daga 1967 zuwa 1976 zaɓen na da zagaye 17, ana ɗaukar mutum fiye da 400 a shekara, tun 1994 zagaye 7 ne, mutum 250 da ƴan kai. Dole sunayen ƙanana su ragu. Suna cewa kuma ɗan wasan ƙaramar makaranta na yau ya fi na da nauyi da sauri, don yana motsa jiki duk shekara, ana kula da abincinsa, yana nazarin hoton wasannin abokan karawa a kwamfuta.

Suna kuma da nasu misalai. Ranar 1 ga Satumba 2007 Appalachian State, tana ƙarama a lokacin, ta je gidan Michigan gaban mutum fiye da dubu 100 ta ci ta 34 da 32. North Dakota State ta ci kofin FCS sau 10 tsakanin 2011 da 2024, ta doke Iowa 23 da 21 cikin 2016, kuma madugunta biyu an ɗauke su da wuri: Carson Wentz na 2 cikin 2016, Trey Lance na 3 cikin 2021. Montana ma ta kada Washington 13 da 7 cikin 2021. Ƙarami bai daina ba babba mamaki ba.

Hujjarsu ta ƙarshe ita ce ta fi nauyi. Suna tambaya: wa ya amfana da tsarin da? Yaron da ya zauna a ƙaramar makaranta don doka ta ɗaure shi, ko don launin fatarsa ya hana shi shiga wata, makarantar ta yi suna da shi, amma shi bai samu haƙƙinsa ba. Wasan nan yana karya gwiwa yana taɓa ƙwaƙwalwa, kuma kaɗan ne ƙwarai ke kaiwa NFL. In yau an buɗe wa yaro hanyar da zai samu abin taimakon iyayensa tun yana ɗalibi, wa zai ce masa ya zauna don a ji daɗin kallo?

INA GASKIYA TAKE?

In aka auna da yawan manyan gwanayen da ke fara wasa su gama a ƙaramar makaranta, dattawa sun fi gaskiya: daga shekarun 1950 zuwa na 1980 ƙanana sun fi na yau ƙarfi, musamman jami'o'in baƙar fata. Sai dai babban rabo na wannan ƙarfi zalunci ne ya tara shi, kuma babu mai hankalin da zai so a sake rufe ƙofa don Grambling ta koma yadda take. Ƙanana har yau sun iya gano yaro su gyara shi, kamar yadda labarin Ward ya nuna. Abin da suka rasa shi ne ikon riƙe shi. Su ke shuka, su yi noma, ranar girbi wani ya zo da buhu, kuma ba a biyan su ko tamma a kan yaron da aka ɗauke.

Akwai kuma wani bashi da ya girmi ƙwallo. A watan Satumba na 2023 ministocin ilimi da na noma na Amurka sun rubuta wa gwamnonin jahohi 16 cewa daga 1987 zuwa 2020 sun tauye wa wasu jami'o'in baƙar fata kuɗin da ya wuce miliyar 12 na dalar Amurka, in aka gwada da abin da suka ba takwarorinsu. Tennessee State kaɗai, makarantar Ed Jones, an lissafa mata fiye da miliyar 2. Makarantar da ɗakin kwananta ke yoyo ba za ta iya yin takara da mai kuɗin talabijin ba, a fili ko a aji.

Duk da haka jama'a ba su guje su ba. Tun 1974, kusan kowane ƙarshen watan Nuwamba, Grambling da Southern ke karawa, kusan kullum a birnin New Orleans, tsofaffin ɗalibai na zuwa da ƴaƴa da jikoki, masu busa da masu ganga na makarantun biyu na gasa tasu a tsakiyar fili. A rukuni na uku kuwa, inda ba a ba da bursun wasa, dubban samari na sa hular kwano kowace Asabar ta kaka, sun san NFL ba za ta kira su ba, su gama su karɓi takardarsu su zama malamai da injiniyoyi da ma'aikatan jinya. Eddie Robinson, wanda ya rasu cikin 2007, an san shi da bin ɗakunan kwanan yaransa da sassafe yana kaɗa ƙararrawa don su tashi su tafi aji. Wannan aiki dai har yanzu yana hannun ƙananan jami'o'i, kuma ko za su iya ci gaba da shi ya danganta ga abin da jahohinsu za su yarda su biya.